Ana Ciniki, Filin Yana Ƙarewa: Matsugunan Isra'ila da Makomar Sulhu da Falasɗinawa

A ranar 20 ga Agustan 2025 hukumar tsara gine-gine ta Isra'ila a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan ta ba da izinin ƙarshe na gina gidaje kimanin 3,400 a wani fili da ake kira E1, tsakanin Gabashin Ƙudus da matsugunin Ma'ale Adumim. Filin bai wuce murabba'in kilomita 12 ba, kuma gidaje dubu uku da 'yan kai ba wani abin a-zo-a-gani ba ne a ƙasar da ta shafe sama da shekara hamsin tana gini a yankin da ta mamaye. Abin da ya sa duniya ta ɗaga murya shi ne inda filin yake. Ministan kuɗi Bezalel Smotrich, wanda shi kansa mazaunin matsugunin Kedumim ne, bai ɓoye manufar ba, ya ce ginin zai binne batun kafa ƙasar Falasɗinu. Bayan mako uku Firaminista Benjamin Netanyahu ya je Ma'ale Adumim ya sa hannu a kan yarjejeniyar aikin, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa ba za a yi ƙasar Falasɗinu ba. An daɗe ana lissafa matsugunan Yahudawa a matsayin ɗaya daga cikin batutuwan da za a warware a teburin sulhu, tare da matsayin Ƙudus da 'yan gudun hijira da iyakoki da tsaro. A ganina wannan lissafin ne ya ɓatar da masu shiga tsakani tsawon shekara talatin. Sauran batutuwan suna iya zama su jira ranar da za a sasanta su, matsugunai kuwa ba sa jira. Kullum suna cin abin da ake ciniki a kansa, suna mayar da jinkiri ya zama riba ga ɓangare ɗaya da asara ga ɗayan. Tattaunawar da aka shiga ba tare da an tsayar da ginin ba, ko an sani ko ba a sani ba, ƙarin lokaci ce ga mai gini.

Tun ranar farko gwamnatin Isra'ila ta san abin da doka ta ce. Bayan yaƙin watan Yunin 1967, wanda ta kame Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Zirin Gaza da Sinai da Tuddan Golan a cikinsa, an nemi ra'ayin lauyan ma'aikatar harkokin wajenta, Theodor Meron. A watan Satumba na shekarar ya rubuta wa gwamnati a asirce cewa zaunar da fararen hula a yankunan da aka mamaye ya saɓa wa Yarjejeniyar Geneva ta Huɗu ta 1949, wadda sashenta na 49 ya hana ƙasar da ta yi mamaya kwashe mutanenta ta kai su yankin da ta mamaye. Meron Bayahude ne da ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, daga baya ya shugabanci kotun duniya da ta yi shari'ar laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, don haka ba wanda zai ce ƙiyayya ce ta sa ya faɗi haka. A watan da ya rubuta takardar aka sake kafa matsugunin Kfar Etzion a kudu da Baitalami. A 1968 Rabbi Moshe Levinger ya kama ɗakuna a wani otal a Hebron shi da mabiyansa da sunan bikin Idin Ƙetarewa, suka ƙi fita, har gwamnati ta gina musu Kiryat Arba. Wannan salo ne aka yi ta maimaitawa har yau, shi ya sa sunan da Hausa ta ba su, 'yan kama-wuri-zauna, ya dace da su sarai: a fara zama, doka ta biyo baya. Gwamnatocin jam'iyyar Leba ne suka buɗe ƙofar, ƙungiyar Gush Emunim da aka kafa a 1974 ta ba abin launin addini, sannan Likud ta Menachem Begin da ta hau mulki a 1977 ta mayar da shi manufar ƙasa.

Yadda ake karɓe ƙasar ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake gane cewa aikin hukuma ne, ya fi ƙarfin zafin kan wasu tsiraru. Da farko sojoji ne suke ƙwace fili da hujjar tsaro, sannan a miƙa wa fararen hula. A 1979 wasu manoma na ƙauyen Rujeib kusa da Nablus suka kai ƙara, kotun ƙolin Isra'ila ta yanke hukunci cewa matsugunin Elon Moreh ba don tsaro aka kafa shi ba, ta ce a tashe shi. Maimakon hukuncin ya tsayar da ginin, sai ya sa aka nemo wata dabara. Aka tono dokar ƙasa ta Daular Usmaniyya ta 1858, wadda ta ce gonar da aka bari ta yi saura shekara uku a jere tana iya komawa hannun sarki. Isra'ila ta ɗauki kanta a matsayin magajiyar sarkin, ta riƙa duba hotunan da aka ɗauka daga sama, duk tudun da ba a ga shuka a kansa ba sai a ayyana shi a matsayin ƙasar gwamnati. Kuma tun 1968 ta dakatar da aikin rajistar filaye, lokacin da kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na yankin aka yi wa rajista, don haka yawancin manoma ba su da takardar da kotu za ta karɓa, sai takardun haraji da shaidar gado. Duk wanda ya san yadda ƙauye yake rayuwa ya san cewa makiyaya da saura da dajin itace mallakar jama'a ne ko da ba a huɗa su ba. A ƙa'idar mamaya, ƙasar gwamnati amana ce da za a riƙe don amfanin mutanen wurin. Amma alƙaluman da hukumar mamayar ta fitar da kanta sun nuna cewa cikin filayen gwamnati da aka raba, abin da Falasɗinawa suka samu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 2024 an ayyana sababbin filaye da suka zarce na kowace shekara tun zamanin Yarjejeniyar Oslo ta 1993, ciki har da murabba'in kilomita kusan 13 a Kwarin Jordan a tashi ɗaya.

Yarjejeniyar Oslo ce ta fi bayyana illar barin wannan batu sai gaba. A 1988 a birnin Aljas ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO ta amince da kafa ƙasa a Gaɓar Yamma da Gaza, wato kashi 22 cikin 100 na tsohuwar Falasɗinu. A Satumbar 1993 shugaban PLO Yasser Arafat da Firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka yi musafaha a Fadar White House, a 1995 kuma aka raba Gaɓar Yamma gida uku. Yankin A, kimanin kashi 18 cikin 100, ya ƙunshi manyan birane a hannun Hukumar Falasɗinawa. Yankin B, kimanin kashi 22, mulkin farar hula na Falasɗinawa ne, tsaro na Isra'ila. Yankin C, kimanin kashi 60, ya zauna kacokan a hannun Isra'ila. An yi rabon ne a matsayin na wucin gadi, na shekara biyar, zuwa watan Mayun 1999. Yarjejeniyar ta ce kada wani ɓangare ya sauya matsayin yankin kafin a gama tattaunawa, amma ba ta fito fili ta ce a daina gini ba, kuma ta wannan ƙofa aka bi. A 1993 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma, ban da Gabashin Ƙudus, sun kai kimanin 110,000. Zuwa shekarar 2000, a tsakiyar abin da ake kira zamanin sulhu, sun kusa 200,000. Yau sun haura 500,000, ga kuma sama da 200,000 a Gabashin Ƙudus. Bahaushe ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Bafalasɗinen da aka ce masa ya yi haƙuri ana tattaunawa, yana kuma kallon katafila tana share tudun da ke bayan gidansa, ba ya buƙatar wani ya zuga shi kafin ya yanke ƙauna daga shugabannin da suka sa hannu.

Sai dai yawan kawuna ba shi ne ma'auni mafi muhimmanci ba. Matsugunai biyu mafi girma, Modi'in Illit da Beitar Illit, garuruwa ne na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini da arhar gidaje ta ja su, kuma suna dab da layin tsagaita wuta na 1949. Waɗanda suka fi yi wa sulhu illa su ne waɗanda aka dasa da gangan a kan jijiyoyin ƙasar. Ariel ya kutsa kusan kilomita 20 cikin arewacin yankin kamar yatsa, ya tsaga shi. Har Homa, wanda aka fara a kan Jabal Abu Ghneim a 1997, ya shiga tsakanin Baitalami da Ƙudus. E1 kuwa zai toshe 'yar kafar da ta rage tsakanin Ramallah a arewa da Baitalami a kudu, ya kuma yanke Gabashin Ƙudus, inda Falasɗinawa suke son kafa babban birninsu, daga sauran ƙasar. Kowane matsuguni yana zuwa da hanyarsa da shingensa da yankin tsaronsa da shingen binciken sojojin da ke gadinsa. Katangar da aka fara ginawa a 2002, mafi yawan tsawonta a cikin Gaɓar Yamma ya bi, ba a kan iyaka ba, don ta kewaye matsugunai. Sakamakon shi ne yankunan A da B sun zama tsibirai sama da 160 a cikin tekun yankin C, inda ruwa da filin noma da wurin faɗaɗa gari suke. A can ne ake ƙin amincewa da sama da kashi 90 cikin 100 na takardun neman izinin gini da Falasɗinawa suke shigarwa, sannan a rushe abin da suka gina bisa hujjar ba su da izini.

A 'yan shekarun nan an sami wata hanya da ta fi bulo da siminti sauri. Iyali ɗaya da wasu matasa 'yan ƙalilan su kafa rumfa a kan tudu, su kawo garken tumaki, su riƙa kora shi cikin makiyayar Falasɗinawa da gonakinsu, su tare burtali, su mamaye mashaya. Wanda ya yi gardama ya gamu da duka ko kamu. Ze'ev Hever, jagoran ƙungiyar Amana mai gina matsugunai, ya faɗa a 2021 cewa irin waɗannan gonakin kiwo sun riƙe filin da ya ninka wanda gine-ginen shekara hamsin suka riƙe. Ta haka mutanen Ein Samiya suka tattara suka bar garinsu a watan Mayun 2023, na Khirbet Zanuta a kudancin Hebron suka bi sahu a ƙarshen Oktoban shekarar, kuma tun bayan harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoban 2023 ƙauyukan makiyaya da dama sun zama kufai. A watan Oktoban 2025, lokacin girbin zaitun, ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga hare-haren 'yan kama-wuri-zauna sama da 260, adadi mafi yawa a wata guda tun da ya fara ƙirga a 2006. Ana yawan cewa waɗannan sansanoni haramtattu ne ko a dokar Isra'ila. Haka ne a takarda. Amma tun 2005 rahoton da lauya Talia Sasson ta rubuta bisa umurnin Firaminista Ariel Sharon ya nuna cewa ma'aikatun gwamnati ne suke kai musu kuɗi da lantarki da ruwa da hanya. A watan Mayun 2025 majalisar tsaro ta gwamnati ta amince da matsugunai 22 a zama ɗaya, da yawansu irin waɗannan sansanoni ne da aka halatta bayan an gama kafa su.

Abin da duk wannan ya haifar shi ne ƙasa ɗaya mai doka biyu. Yaro Bayahude na matsugunin Ofra da yaro Bafalasɗine na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi, in suka yi jifa da dutse a hanya ɗaya, na farko kotun farar hula ta Isra'ila za a kai shi, na biyu kotun soja. Mahaifin na farko yana zaɓen gwamnatin da ke mulkin wurin, mahaifin na biyu ba ya zaɓe. Tsawon shekaru ana kare wannan tsari da cewa na wucin gadi ne. A Fabrairun 2023 aka ɗauke mafi yawan ikon tsara gine-gine da filaye daga hannun sojoji aka danƙa wa Smotrich a matsayinsa na minista a ma'aikatar tsaro, wato ɗan siyasa farar hula ke gudanar da yankin kamar wani lardi na ƙasarsa. Wannan na cikin abubuwan da Kotun Duniya ta duba a ra'ayin da ta bayar ranar 19 ga Yulin 2024, inda ta ce manufofin Isra'ila sun kai matsayin haɗiye sassan yankin, zamanta a wurin haramun ne, kuma wajibi ne ta daina gini ta kwashe mazauna matsugunan.

Masu kare Isra'ila suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki suna da nauyin da bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Ta farko ita ce rikicin ya girmi matsugunai. Larabawa sun ƙi shirin rabon 1947 tun kafin Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma, a taron Khartum na 1967 sun ce ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa, Arafat bai karɓi tayin Camp David na 2000 ba, magajinsa Mahmud Abbas bai ba da amsa ta ƙarshe ga tayin Firaminista Ehud Olmert na 2008 ba, Hamas kuma ta yi ta tayar da bama-bamai a motocin haya don rusa Oslo. Duk wannan ya faru, kuma shugabannin Falasɗinawa suna da kasonsu na laifi. Amma hujjar tana bayyana dalilin da ya sa ba a yi sulhu jiya ba ne, ba ta bayyana dalilin da zai sa a toshe hanyar yin sa gobe ba. Wanda ya ce ba shi da abokin tattaunawa yau, idan da gaske yana jiran samunsa, zai adana filin da za a raba har ranar ta zo. Kuma matsayin Larabawa ya sauya: a Beirut a 2002 ƙasashen Larabawa baki ɗaya, bisa shawarar Yarima Abdallah na Saudiyya, sun yi tayin cikakkiyar hulɗa da Isra'ila in ta koma iyakokin 1967. Ko a Camp David da tayin Olmert, babban abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa a taswira shi ne Ariel da Ma'ale Adumim da unguwannin da suka kewaye Ƙudus, wato matsugunan da aka ce ba su ne matsalar ba.

Hujja ta biyu ita ce ta tsaro, kuma ita ce ta fi kama zukatan Isra'ilawa. A Agustan 2005 Sharon ya kwashe matsugunai 21 da mutane kimanin 8,000 daga Gaza, abin da ya biyo baya shi ne mulkin Hamas da rokoki, sannan harin 7 ga Oktoban 2023 da aka kashe mutane kimanin 1,200 aka yi garkuwa da wasu kimanin 250. Tuddan Gaɓar Yamma suna kallon Tel Aviv da filin jirgin saman Ben Gurion, don haka tsoron da ɗan Isra'ila yake ji na gaske ne, kuma duk wanda ya yi masa ba'a bai fahimci lamarin ba. Amma a duba abin da hujjar take iya ɗauka. Iyakarta ta ce sojoji su zauna a wasu wurare har a samu tsarin tsaro da aka yarda da shi. Ba ta kai ga cewa a ɗauki mata da yara a kai su tsakiyar Hebron ko kan tudun Nablus ba, inda sai an girke rundunar sojoji don gadinsu. Iyali a kan tudu nauyi ne a kan soja. Game da Gaza kuwa, an janye ne ba tare da yarjejeniya da Abbas ba, abin da ya ba Hamas damar cewa bindiga ce ta kori Isra'ila, tattaunawa kuma ba ta kawo komai ba. Mai ba Sharon shawara, Dov Weissglas, ya faɗa wa jaridar Haaretz a 2004 cewa manufar janyewar ita ce a daskarar da shirin sulhu. A shekarar da aka fita daga Gaza, mutanen da suka ƙaru a matsugunan Gaɓar Yamma sun fi waɗanda aka kwashe yawa.

Hujja ta uku ta tarihi ce da addini, cewa Yahudiya da Samariya, kamar yadda suke kiran yankin, su ne tushen al'ummar Yahudawa, kuma tun da duniya ba ta amince da haɗewar da Jordan ta yi masa a 1950 ba, yankin da ake jayayya a kansa ne, ba wanda aka mamaye ba. Alaƙar Yahudawa da Hebron da Ƙudus gaskiya ce, musanta ta ba ya amfanar kowa. Amma alaƙar tarihi ba takardar mallakar gonar wani ba ce, kuma Falasɗinawa ma suna da irin wannan alaƙa da Jaffa da Haifa, inda dokar Isra'ila ba ta ba su damar komawa gidajen kakanninsu ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da Kotun Duniya da ƙungiyar agaji ta Red Cross duk sun yi watsi da fassarar jayayyar. Ko da an karɓe ta, tambaya ɗaya tana nan: idan ƙasar ta Isra'ila ce, mene ne matsayin mutum miliyan uku da ke zaune a cikinta? Masu wannan hujja ba su taɓa yarda a ba su ƙuri'a ba.

Akwai kuma wata muhawara tsakanin masu son sulhun kansu. Wasu suna cewa matsalar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, domin mafi yawan 'yan kama-wuri-zauna suna kusa da iyaka, ana iya barin su a cikin Isra'ila a ba Falasɗinawa wani filin a madadi, kamar yadda Bill Clinton ya zana a Disambar 2000, inda Falasɗinawa za su samu kashi 94 zuwa 96 cikin 100 na yankin. Wasu kuma suna cewa bakin alƙalami ya riga ya bushe, batun ƙasa biyu ya mutu. Na farko suna aiki da tsohuwar taswira. Waɗanda suke zaune can cikin yankin, waɗanda ba makawa sai an kwashe su, yanzu sun haura 100,000, su ne kuma suka fi tsauri a aƙida, suna da makamai, suna da ministoci, suna da hafsoshi a soja. Rabin an kashe shi ne a 1995 saboda abin da bai kai wannan ba. Na biyun kuma suna mayar da abin da siyasa ta gina kamar ƙaddarar da ba ta sauyuwa. Begin ya rushe matsugunin Yamit a Sinai a 1982 don sulhu da Masar ya fi masa daraja. Turawa kusan miliyan ɗaya sun bar Aljeriya a 1962 bayan Faransa ta shafe shekara 132 tana mulkin ƙasar da take cewa sashenta ce, duk da cewa su suna da wata ƙasa a tsallaken teku da za su koma, abin da ya bambanta lamarin. Gini yana rusuwa, mutane suna ƙaura, ana kuma iya tsara yadda wasu za su zauna a ƙarƙashin dokar Falasɗinu. Abin da babu shi ne dalilin da zai sa wata gwamnatin Isra'ila ta ɗauki wannan wahala, domin ci gaba da ginin ba ya jawo mata asarar komai.

A nan alhakin sauran duniya ya shigo. Ƙudurori ba su yi ƙaranci ba. Kwamitin Sulhu ya yi tir da matsugunai a ƙuduri na 446 a 1979 da na 465 a 1980, sannan na 2334 a Disambar 2016, wanda Senegal na cikin ƙasashe huɗu da suka gabatar da shi, ya samu ƙuri'a 14, Amurka ta ƙaurace. A Satumbar 2025 Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostireliya da wasu sun amince da ƙasar Falasɗinu, abin da Najeriya da Nijar suka yi tun 1988. Amincewar tana da daraja, amma ba ta tsayar da katafila ko ɗaya ba. Tarihi ya nuna lokutan da aka tsaya, kuma duk lokutan da aka sa farashi ne. A 1991 George Bush uba ya riƙe lamunin bashin dala biliyan 10 saboda gine-ginen gwamnatin Yitzhak Shamir, a zaɓen 1992 Shamir ya faɗi. A 2020 Netanyahu ya jingine shirin haɗe sassan yankin domin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sa hakan a matsayin sharaɗin ƙulla hulɗa. E1 kansa tun zamanin Rabin aka zana shi, matsin lambar Amurka da Turai ne ya hana a taɓa shi kusan shekara talatin. Da matsin ya ɗauke, sai aka sa hannu. Amurka tana ba Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 3.8 a shekara, Tarayyar Turai ita ce babbar abokiyar cinikinta, Saudiyya kuma tana riƙe da amincewar da Isra'ila ta fi kwaɗayi. Takunkumin da Joe Biden ya sa wa wasu 'yan kama-wuri-zauna a 2024, ƙarami ne, Donald Trump ya soke shi ranar da ya koma mulki. Faɗar da Trump ya yi cewa ba zai bari a haɗe Gaɓar Yamma ba ta hana sanarwa ce kawai, alhali aikin da sanarwar za ta tabbatar yana ci gaba a ƙasa.

Falasɗinawa ma akwai abin da ke wuyansu. Ba a yi zaɓen majalisa ba tun 2006, Abbas yana kan kujerar da aka zaɓe shi a kanta a 2005 don wa'adin shekara huɗu, Gaza da Ramallah sun rabu tun 2007, kuma kisan fararen hula da Hamas ta yi ya kashe sauran ƙarfin masu goyon bayan sulhu a cikin Isra'ila. Majalisar dokokin Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a 68 da 9 a Yulin 2024 tana adawa da kafa ƙasar Falasɗinu, kuma cikin masu rinjayen har da 'yan adawa. Gyara wannan gida wajibi ne. Sai dai gyaran yana ɗaukar shekaru, kuma ba shi da amfani in aka gama shi filin ya ƙare, shi ya sa dakatar da gini bai kamata ya zama ladan da za a ba Falasɗinawa bayan sun gyaru ba.

Saboda haka wanda yake son ya san inda sulhu ya dosa, ya rage sauraren jawaban Majalisar Ɗinkin Duniya a New York ya duba gabas da Ƙudus. A gefen hanyar da ta gangara zuwa Yariko akwai Khan al-Ahmar, ƙauyen Badawiyyan ƙabilar Jahalin da aka koro daga Negev bayan kafa Isra'ila, mutum ɗari biyu ko ƙasa da haka, da makarantarsu da aka gina da tayoyi da laka. A 2018 kotun ƙolin Isra'ila ta ba da izinin rushe shi, amma gwamnatoci suka yi ta ɗagewa saboda gargaɗin ƙasashen Turai da na mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuka, wadda ta ce tilasta wa mutane ƙaura a yankin mamaya yana iya zama laifin yaƙi. Ƙauyen da irinsa goma sha wani abu suna zaune ne a cikin E1 da kewayensa, a kan hanyar da ta haɗa arewacin Gaɓar Yamma da kudancinta. Ana kuma shirin gina wata hanya ta daban da za ta karkatar da motocin Falasɗinawa daga wurin baki ɗaya, ta yadda za a iya cewa Ramallah da Baitalami suna haɗe, alhali abin da ya haɗa su kwalta ce guda da soja zai iya rufewa da ƙofar ƙarfe.